Tocila mai caji: yadda ake zaɓenta da yadda ake riƙonta a Maraɗi

Mafi yawan wutar da ake sha a Maraɗi daga Najeriya take zuwa, ta babban layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, inda ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufo Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Wanda ya manta da haka, shekarar 2023 ta tuna masa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke layin a farkon Agusta, kamfanin wuta na NIGELEC ya koma kan injunansa yana raba wuta unguwa-unguwa, aka yi ta fama har watan Maris na 2024 da aka maido. Ko babu wani rikici, kowa ya san halin bazara: a Afrilu da Mayu, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji, ɗaukewar wuta ba labari ba ce. Akwai kuma waɗanda layin bai shafe su ba ko kaɗan. Mai ban-ruwa a fadamar Jiratawa da layin ruwansa ya faɗo da dare, mai gadin shago a bakin babbar kasuwa, makiyayin da ke kwana da garke, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Tibiri inda wayar lantarki ba ta kai ba, dukkansu da tocila suke raba dare.

Saboda haka kasuwar tocila ba ta mutuwa. Sai dai yawancinmu muna sayenta ta hanyar da mai shago ya fi so. Zai kunna ta da rana tsaka ya dalle maka ido, ya haska bangon da ke tsallaken titi, ya ce, “Alhaji, wannan har Jibiya take kaiwa.” Ka biya ka tafi. Bayan wata uku sai ta koma yin minti ashirin ta dushe, a ce kayan zamani ba su da ƙwari.

Ƙwan ba shi ne ya gaza ba. Ƙwan zamani, wanda ake rubuta wa LED, da wuya ya mutu kafin sauran jikin tocilar. Abin da ke mutuwa shi ne batir, sai makunni, sai bakin caji. Idan za ka sayi tocila mai caji, batir kake saya, hasken kuwa gyara ne aka ɗora maka a kai.

Batir iri biyu

Tocilolin caji da ke kasuwanninmu sun kasu gida biyu, kuma kulawar da kowane gida yake so ta saɓa da ta ɗayan.

Gida na farko su ne na roba masu arha, waɗanda ake turo ƴan haƙoran caji daga gindinsu a soka kai tsaye a bango, ko a haɗa su da igiya mai baki biyu irin ta tsohuwar rediyo. Mafi yawansu batirin darma ne a ciki, ɗan ƙaramin ƙanen batirin mota, mai rubutun 4V. Za ka gane su da nauyin da ke gindinsu. Wannan batir ba ya son yunwa. Idan aka bar shi ya ƙare ƙarƙaf, aka jefa tocilar a lungu har mako biyu ba caji, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan darmar, daga nan ko an kwana ana caji ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Dokarsa ita ce: da hasken ya fara ja, a kashe, a yi caji da zarar an samu wuta. Ko ba a yi aiki da ita ba, a ba ta caji sau ɗaya a wata. Yawancinsu kuma ba su da na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya cika, don haka awannin da aka rubuta a kwali su ne iyaka, galibi takwas zuwa goma sha biyu. Barinta kwana biyu a bango yana busar da batirin. Kada kuma a kunna ta tana kan caji, don hakan na iya ƙone ƙwayayen nan take, kada kuma a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu tana jone, domin tsakaninta da wutar 220 ta bango ba wani shinge mai ƙarfi.

Gida na biyu su ne masu batirin litiyom, irin na wayar salula. Waɗannan da igiyar waya ake yi musu caji. Mafi kyawunsu su ne waɗanda ake kwance gindinsu a zaro batirin, wani dogo mai kama da babban pil, da aka rubuta wa 18650. Lambar awon jikinsa ce: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Akwai babban wansa, 21700, da ya fi shi ɗaukar wuta. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da batirin litiyom mai caji kasuwa a 1991, yau kuwa har babura da motoci da shi suke tafiya. Ya fi na darma sauƙin nauyi, ya fi shi riƙe wuta nesa ba kusa ba, kuma idan aka kula da shi yakan jure caji ɗari uku zuwa ɗari biyar kafin ƙarfinsa ya ragu sosai.

Ni dai shawarata, wanda zai iya ƙara kuɗi ya ɗauki ta litiyom mai fitar da batir. Ranar da batirin ya gaji sai ka sayi wani ka zura, jikin tocilar yana nan. Kana kuma iya ajiye na biyu cike a gefe, wanda shi ne bambancin mai haske har asuba da mai lalube tun ƙarfe ɗaya. Wasu ma suna zuwa da ɗan gida na roba da ake jera ƙananan pil uku a ciki a saka a madadin batirin. Kada ka yar da wannan gidan. Ranar da aka yi kwana uku ba wuta ba rana, pil ɗin teburin mai shayi ne zai fisshe ka.

Lambobin da ke jikin kwali

Lamba biyu ake yi wa mutane dabo da su. Ta farko ita ce ta mAh, wato yawan wutar da batir ke iya ɗauka. Batirin 18650 na gaskiya, daga manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG, yana tsakanin 2000 da 3500. Ba a wuce nan da wani abin kirki ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma irin waɗannan sau da yawa ko 1000 ba sa kaiwa. Abin mamaki, a wannan kasuwa ƙaramar lamba ita ce alamar gaskiya: wanda ya rubuta 2200 ya fi kusa da faɗin abin da ke cikinsa. Nauyi ma yana tona asiri. Na gaskiya yana kai giram 45 ko sama kaɗan, na jabu kuwa yakan tsaya wajen giram 25 zuwa 30, don cikinsa rabi fanko ne. Idan akwai ƙaramin sikeli kusa, a ɗora. Idan babu, ka riƙe biyu daga kamfanoni daban a hannu biyu, hannunka zai gaya maka.

Lamba ta biyu ita ce lumen, awon yawan hasken da ke fita. A nan ma ɗan lissafi ya isa ya kare ka. Ƙwan LED mai kyau yana ba da kimanin lumen 100 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Batir mai 3000 mAh da 3.7V yana ɗauke da kimanin wat 11 na tsawon awa ɗaya. To idan tocila tana fitar da lumen 1000, wat 10 take ci, ke nan awa ɗaya ce ta shanye batirin. Idan aka sauke ta zuwa lumen 100, za ta kai awa goma, daga isha'i har asuba. A kan lumen 20, wanda ya isa a ci tuwo a nemo takalmi a raka yaro bayan gida, za ta yi darare biyar ba a waiwayi caji ba. Yanzu ka dubi kwalin da aka rubuta wa lumen 90,000. Wannan haske zai buƙaci wat 900, kusan abin da dutsen guga na lantarki yake ci. Da gaskiya ne, da hannunka ya toye kafin ka kai ƙofar gida. Fitilar gaban mota ma, mai tsohon ƙwai, tsakanin lumen 1000 da 1500 take.

Abin da lissafin nan ke nunawa shi ne, matakin ƙasa ya fi matakin sama amfani. Tocilar da ba ta da sai haske ɗaya mai ƙarfi, ta awa ɗaya ce. Nemi mai mataki uku ko huɗu, wadda mafi ƙanƙantar haskenta ƙarami ne da gaske. Wasu masu arha sai ka bi ta kan haske mai walƙiya kafin ka iya kashe su, abin da ke da ban haushi a ɗakin da mutane ke barci. Gwada wannan tun a shago.

Kamfanonin da suka san abin da suke yi suna bin wani ma'auni na Amurka da aka fitar a 2009, za ka ga an rubuta FL1 a kwali. Amma ko shi a karanta shi da hankali: awannin da yake faɗa ana ƙirga su ne har lokacin da hasken ya ragu zuwa kashi 10 cikin ɗari na farkonsa, nisan da yake faɗa kuma shi ne inda hasken ya yi rauni ya koma kamar na farin wata. Nisan da za ka iya bambance akuya da kare bai fi rabin wannan ba. Ga fitilun da ke zuwa da farantinsu na sola, irin su Sun King da d.light, akwai shaidar inganci ta VeraSol, wadda a da ake kira Lighting Global.

Sai haruffan IP. IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 na nufin ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya ta yi rabin awa, za ta fito da rai. Idan lamba biyu ce, kamar IP67, ta farkon ta ƙura ce, kuma 6 ita ce ƙarshen kariya. A garin da hunturu ke shigar da ƙura har cikin tukunyar da aka rufe, wannan lamba ba ado ba ce. A kan wannan ne ma nake ɗari-ɗari da tocilolin da ake ja da kansu gaba da baya don ƙanƙance haske ko faɗaɗa shi. Suna burge yara, amma duk ja ɗaya tana zuƙo iska da ƙura zuwa ciki, ruwa ma ta nan yake shiga, kuma idan aka tsuke hasken, mai yawa daga cikinsa a cikin kan tocilar yake ɓacewa.

A gaban mai shago

Kada ka ji nauyin gwaji. Ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ta cika ba lokacin tsayawa dogon bincike ba ne, ka je ranar da mai shago yake da sukuni. Ka ce masa, “Maigida, a ba ni in buɗe gindinta in ga batirin.” Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ba. Dubi rigar robar da ke jikin batirin, kada ta kasance a yage. Dubi bakin murfin, ko akwai ɗan zoben roba da ke hana ruwa shiga. Kunna ta ka girgiza da ƙarfi: idan hasken ya yi ƙyafta-ƙyafta, haɗin ciki ba shi da kyau. Danna makunnin sau goma sha, ka ji ko kowane danni yana kamawa. Sa ta a ƙaramin mataki ka kaɗa yatsunka a gaban hasken da sauri. Idan ka ga yatsun suna rarrabuwa kashi-kashi, hasken yana rawa ne da ido ba ya gani sosai, kuma irinsa yana gajiyar da ido wurin karatu. Sannan a jona ta a caji a gabanka ka ga ƴar fitilar shaida ta kama.

Bakin caji ma abin dubawa ne. Sabon baki mai shiga ta kowane gefe, USB-C, ya fi tsohon ƙaramin bakin nan ƙwari, kuma idan ya yi daidai da na wayarka, igiya ɗaya ta ishe ku.

Gwaji na ƙarshe a gida ake yinsa, ranar da aka saya, tun ana iya mayarwa. Cika ta, kunna ta a matsakaicin mataki bayan magariba, ajiye ta inda iska ke ratsawa, ka duba agogo. Abin da ta yi shi ne gaskiyarta, kuma da shi za ka riƙa lissafi duk daren da ka fita.

Zafi shi ne babban abokin gaba

Batirin litiyom ba a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45. A Maraɗi cikin Afrilu, inuwa kanta tana haura 40. Ɗaki mai rufin kwano da azahar, saman katanga, cikin mota da aka rufe, akwatin babur da ke tsaye a rana, duk sun zarce iyakar. Zafi ba ya kashe batir rana ɗaya, cinsa yake a hankali, musamman idan batirin yana cike maƙil. Saboda haka a bazara a yi caji da safe ko da dare, a kan siminti ko ƙasa, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. Da ƴar fitilar ta koma kore, a cire.

Masu sola su kula da abu ɗaya: faranti a rana, tocila a inuwa. A sa doguwar igiya a shigo da ita ƙarƙashin rumfa. Faranti mai wat 10 da bakin USB, idan rana ta buɗe, yana cika batir mai 3000 mAh cikin awa uku zuwa biyar. A hunturu a riƙa goge shi kowace safiya, don ƙurar da ta kwanta a kansa tana rage masa ƙarfi ƙwarai. Amma ɗan siririn farantin da ake manna wa a jikin tocila kanta, kada a dogara da shi. Ya yi ƙanƙanta, sai ya yi kwanaki bai cika batir ba, kuma don ya yi aiki dole a shanya tocilar gaba ɗaya a rana, wato ana ba batirin loma ɗaya ana dafa shi.

Idan an ɗauke wuta, a zare tocila daga bango, musamman mai batirin darma. Lokacin da wuta ke dawowa takan zo da ƙarfi fiye da ƙima, kuma ƙananan na'urori su ne farkon tafiya. A bar ta ta zauna minti kaɗan tukuna. Wanda ke kai caji wurin masu cajin waya da janareto ya tafi da kan cajarsa mai kyau.

Litiyom, saɓanin darma, bai damu da a cika shi kullum ba, ya ma fi son zama tsakatsaki. Batirin da za a ajiye wata da watanni a bar shi wajen rabi, a wuri mai sanyi. Na ko-ta-kwana kuwa dole ya zauna kusa da cika, sai a riƙa duba shi duk wata biyu. Wasu tociloli suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko suna kashe. Maganin wannan shi ne a ɗan sassauta murfin gindi kwata ɗin juyi kafin a ajiye, hakan kuma yana hana ta kunna kanta a cikin jaka.

Akwai haɗari guda da ya kamata a faɗa ƙarara. Kada a taɓa jefa batirin 18650 tsirara cikin aljihu tare da makulli ko ƴan canji. Ƙarfe ya haɗa bakinsa da jikinsa, cikin daƙiƙoƙi zai yi zafin da zai ƙona cinya, yana ma iya kamawa da wuta. A sa shi a ɗan akwatin roba, ko a naɗe shi a leda a ɗaure. Wanda ya kumbura, ko ya lotse, ko yake wari, ko yake zafi ba dalili, aikinsa ya ƙare: a fitar da shi waje a sa a gwangwani mai yashi nesa da zana da kara. Kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. A tocilar da ke cin batir biyu, kada a haɗa sabo da tsoho.

A fadama da daji

Fadamar Jiratawa, da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, da famfunan lantarki take shan ruwa daga rijiyoyin burtsatse, kuma ruwa bi da bi ake rabonsa. Wanda rabonsa ya zo da duhu yana buƙatar hannuwansa biyu, ɗaya ga fartanya ɗaya ga toshe hanyar ruwa da buɗe wata. A nan fitilar goshi ta fi ta hannu. Lumen 100 zuwa 200 mai faɗi ya wadatar. Haka ga masu kamun fara da asuba, da ɗan kabu-kabun da tayarsa ta yi faci a hanyar Tibiri, da unguwarzoma.

Sai dai fitilar goshi tana da aibu biyu. A damina tana tara ƙwari a fuska, musamman mai farin haske da ya karkata zuwa shuɗi. Mai haske ruwan ƙwai ba ta janyo su haka, mai ja kuma ta fi duka. Aibu na biyu ya fi muhimmanci. Hasken da ke fitowa daga kusa da ido yana ɓoye inuwa, sai ƙasa ta yi kamar shimfiɗaɗɗiya, rami da tudu su saje. Wanda ke tafiya a kan kunya ko a bakin gulbi ya riƙe tocila a hannu, ƙasa-ƙasa wajen cinya, yana haska taku uku zuwa huɗu a gabansa. Ta haka kowane dutse da kowane abu mai kwance zai fitar da inuwarsa. Kububuwa da dare take yawo, launinta kuma launin ƙasa ne, ba ta gudu kamar sauran macizai, naɗewa take ta jira. Inuwarta za ka fara gani kafin ita. Tocila ba ta maye gurbin takalmi mai rufi, kuma idan tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaure jijiya, sai asibiti da gaggawa.

Ga kunama akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba. Jikinta yana ƙyalli kore-kore a ƙarƙashin hasken nan mai ruwan shuni da ake duba takardun kuɗi da shi, wanda ake rubuta wa UV. Ƴar ƙaramar fitila irin wannan, a zagaya da ita tsakar gida da gindin katanga kafin a shimfiɗa wa yara tabarma a bazara, tana nuna kunama tun daga nesa. Kada dai a haska ta a ido.

Cikin hazo ko ruwan sama, ƙara haske ba ya ƙara gani. Ƙurar ce ke maido maka da hasken a fuska. A rage mataki, a sauke hannu ƙasa. Ido kansa yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai, kuma dallen haske ɗaya yana rushe wannan. Mai gadi da ya bar tocila a kunne da ƙarfi duk dare ba ya ganin komai sai abin da ke cikin da'irar haskensa, alhali duk wanda ke cikin duhu yana ganinsa sarai. A yankunan kudu da ke bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Runji, inda ɓarayin shanu suka addabi mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce: haske yana nuna maka hanya, yana kuma nuna inda kake. A zauna da ƙaramin haske ko babu, a ajiye mai ƙarfin sai an ji motsi.

Akwai kuma ladabi. Ba a dalle wa mutum fuska, balle babba, balle mai tuƙa babur da ke tahowa, balle jami'an tsaro a shinge. A haska ƙasa, a yi sallama.

Daren ruwa

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta rushe shi aka hauro kan tudu. Amma tudun ma bai hana ba. A ƙarshen Agusta na 2024 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a birnin, gidaje suka rufta, aka yi asarar rayuka. Irin wannan ruwa yakan zo tare da ɗaukewar wuta, kuma fitilar waya ba abin dogaro ba ce a lokacin, don cajin wayar kake buƙata ka kira ƴan'uwa ko ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Tun farkon damina a ware tocila guda wadda ba ta aike ba ce, ba ta wasan yara ba. A rataye ta a ƙusa ɗaya kusa da ƙofar ɗaki, sama da inda ruwa zai iya kaiwa, kowa a gidan ya san wurin har ya iya kai hannu ido rufe. A ɗaura mata igiya da za a zura a wuyan hannu. Batirin ajiya da igiyar caji a sa su a leda ɗaya da takardun gida. Idan ba ta da kariyar ruwa, farar leda da aka ɗaure da roba tana yin aikin, hasken zai ratsa.

Idan ruwa ya yi ƙarfi da dare, a fita da ita a duba abu uku: gindin bango ko ruwa ya kwanta yana jiƙa shi, indararo da magudanar tsakar gida ko sun toshe, da jikin bango da kusurwoyi ko sabuwar tsaga ta bayyana. A manna tocilar kusa da bangon a haska shi a kaikaice, tsagar da ba a gani idan an haska kai tsaye za ta fito. Gidan ƙasa da gindinsa ya jiƙe ko ya fara zubar da ɓarɓashi, a fitar da mutane tukuna, kaya daga baya. A waje kuma a haska sama kafin ƙasa, a ga ko wayar lantarki ta tsinke ta faɗo, kada a taka ruwan da waya ke ciki. A riƙe sanda ana dogarawa, don haske ba ya nuna ramin salga ko kwalbati da ruwa ya rufe. Hasken nan mai walƙiya da ke ba mutane haushi, ga ranarsa: da shi ake nuna wa masu ceto inda ake.

Idan an taru a ɗaki guda, ba sai an kunna fitila uku ba. A tsayar da tocila a kan gindinta tana kallon rufi, ko a jingina bakinta da farar jarka mai ruwa, hasken zai bazu ko'ina a ƙaramin mataki. Tocilar da ke iya yi wa waya caji tana da amfani, amma a san iyakarta: batir ɗaya na 18650 ba zai cika babbar waya mai 5000 mAh ba, ƙaramar waya mai maɓallai kuwa zai cika ta sau biyu.

In ta fara ciwo

Kafin a yanke mata hukunci, a goge bakin batir da ƴar wayar da ke naɗe a murfi da busasshen ƙyalle, don datti da tsatsa a nan su ne rabin matsalar hasken da ke rawa. A sa tsinken sakace a fitar da ƙurar da ta cushe a bakin caji, a hankali, ba da allura ba. A canza igiya a gwada, igiyoyi sun fi tociloli mutuwa. Wadda ta faɗa ruwa a zare batirinta nan take, a buɗe ta a shanya a inuwa kwana biyu kafin a kunna.

Abin da ya wuce wannan na mai gyaran rediyo da waya ne. Makunni da bakin caji ana canza su da kuɗi kaɗan, batirin darma mai 4V ma ana sayar da shi daban a liƙa da dalma. Masu gyara da yawa suna ciro 18650 daga tsofaffin batiran kwamfutar hannu, kuma waɗannan, da yake asalinsu na manyan kamfanoni ne, sukan fi sabon jabu mai rubutun 9900. Ka sa a auna maka shi da mita a gabanka. Cikakke yana nuna 4.2, wanda aka samu ya faɗi ƙasa da 2.5 kuwa a bar shi. Wanda ka ɗauka, ka cika shi ka ajiye mako guda ba tare da aiki ba, ka koma a sake aunawa: idan har yanzu yana sama da 4, ka samu batir.